Gambarar Zamani: Jana'iza Ta Nawa Ke Nan?

A ƙarshen watan Oktoban 2025 mujallar Billboard ta Amurka ta fitar da jadawalinta na mako-mako na waƙoƙi 100 da suka fi tashe. Da aka duba arba'in ɗin da ke sama, babu waƙar hip hop, wato gambarar zamani, ko ɗaya. Rabon da a ga haka tun watan Fabrairun 1990. Kafin ka ce kwabo labari ya iso Abuja, kuma waɗanda suka fi ɗaukarsa da zafi sa'o'ina ne, mutanen da suka yi samartaka da burgujejen wando da hular hana-sallah, yanzu sun ajiye tumbi suna zaune a ofis a Sakatariyar Tarayya. Kowa ka taɓa sai ya ce ai dama ya faɗa, gambarar zamani ta riga mu gidan gaskiya, yaran yanzu surutu kawai suke zubawa a kan kiɗan rawa.

Da sun daure sun karanta labarin har ƙasa, da sun ga cewa Billboard ce ta sauya ƙa'ida a makon, ta rage wa'adin da tsohuwar waƙa za ta iya daɗewa a jadawali. Wannan sauyin ne ya cire waƙar Kendrick Lamar da SZA daga jadawalin, wadda ta yi makonni 13 a lamba ta ɗaya. Kendrick ɗin nan kuwa shi ne a watan Fabrairun shekarar ya yi wasa a hutun rabin lokaci na Super Bowl, dandalin da babu kamarsa a Amurka.

Irin wannan ta'aziyya tsohuwa ce. A watan Disambar 2006 Nas, ɗaya daga cikin gwanayen New York, ya fitar da kundi sukutum wanda sunansa ke cewa hip hop ta mutu, kundin kuma ya zama na ɗaya a Amurka a makonsa na farko. A 2017 kamfanin ƙididdiga na Nielsen ya bayyana cewa hip hop da R&B sun ture kiɗan rok, sun zama abin da Amurkawa suka fi saurare. Shekara na zagayowa aka ba Kendrick kyautar Pulitzer ta kiɗa, wadda a da sai masu kiɗan gargajiyar Turawa da na jaz ke samu. Mu bar Amurka da rigimarta haka nan. Abin da ya faru a garin nan namu ya fi amsa tambayar.

Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikatu suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata suka kwaso iyali daga Legas da Kaduna da Inugu da Jos. Yaran da suka tashi a Garki da Wuse da Asokoro ba su da harshe ɗaya na gado. A makaranta Turanci, a layi buroka, a kasuwar Wuse ɗan abin da ya sawwaƙa na Hausa. Gidan da aka kafa wa tauraron ɗan'adam shi ne majalisar yara, ana kallon mawaƙan New York ana haddace baitocinsu. Don haka gambarar da Abuja ta fara haifa, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, Baturiya ce fes. Ƙungiyar da ta yi zarra ita ce Swat Root ta Solo Dee, inda aka tara Modenine da Terry Tha Rapman da Six Foot Plus da Overdose.

Modenine ya cancanci a tsaya a kansa. Sunansa Babatunde Olusegun Adewale, an haife shi a Landan, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Bida, ya yi aikin gabatar da shiri a gidan rediyon Rhythm na Abuja. Masaƙin magana ne na gaske. Yakan ɗora ma'ana biyu ko uku a kan baiti ɗaya, sai ka yi kwanaki kana sauraro kafin ta ƙarshen ta faɗo maka. Da aka fara bikin ba da kyaututtuka na Hip Hop World a 2006, wanda daga baya ya koma Headies, shi ya ɗauki kambin gwanin tsara baiti, kuma sau bakwai yana ɗauka. Har gobe babu wanda ya kamo shi a nan. Amma da za ka tare ɗan acaɓa a Nyanya a wancan zamani ka ce ya rera maka baitin Modenine ɗaya, sai dai ya dube ka ya tambayi inda za a kai ka. Waƙa ce ta 'yan boko, masu boko ke yi wa masu boko, kuma ita ce sa'o'ina ke makoki a kai. Gaskiyarsu, wannan ta ja baya.

A daidai wannan tsakani wani lauya ɗan kudancin Kaduna, Audu Maikori, yana tara mawaƙa da marubuta waƙe a Abuja suna baje fasaha. A 2005 shi da ɗan'uwansa Yahaya da Paul Okeugo suka kafa kamfanin Chocolate City. Cikin waɗanda suka fara ɗauka har da Jeremiah Gyang, ɗan Jos, wanda waƙarsa ta Hausa "Na Ba Ka", tare da Six Foot Plus, ta ratsa gidajen rediyon ƙasar nan. Sannan M.I Abaga ya zo, shi ma daga Jos, ya fitar da kundinsa na farko a watan Disambar 2008, ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince suka biyo baya. M.I ya gane abin da magabatansa suka raina: ya sassauta Turancin, ya zuba buroka, ya sa amshin da mai sayar da katin waya zai iya bi. A 2013 Ice Prince ya karɓo kyautar BET a Amurka.

Sai dai kafin a kai nan duk sun tattara sun koma Legas, har da kamfanin, har da Modenine. Dalilin a bayyane yake. Kasuwar Alaba, wadda a lokacin ita ke buga faifai ta rarraba shi har Maiduguri, tana Legas. Manyan gidajen rediyo da talabijin na kiɗa suna can, kamfanonin waya masu ɗaukar mawaƙi talla suna can. Abuja akwai kuɗi, amma kuɗin kwangila ne, ba ya bi ta hannun mai sayen tikiti. Da gari ya yi tsit a farkon shekarun 2010, sai aka yi jana'izar farko, aka ce Abuja ba garin waƙa ba ne, garin fayil ne.

Can Legas kuma wata rigima ta kunno kai, ta harshe. A kundinsa na 2007 Ruggedman ya yi wa takwarorinsa hannunka mai sanda cewa wanda bai sa harshen gida a waƙarsa ba, duniya ba za ta san daga ina ya fito ba. Modenine ya ɗauka da shi ake, suka yi shekaru suna jifar juna da baiti. Kasuwa ce ta raba gardamar. Dagrin ya fito da Yarbanci, ya girgiza Legas kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa a watan Afrilun 2010 yana da shekara 25. Olamide ya ɗora daga inda ya tsaya, Phyno ya zo da Ibo. A 2015 su biyun suka haɗu da Reminisce suka yi waƙar da ta mayar da gorin "mawaƙin gida" abin tutiya.

Mu a Arewa namu labarin ya fi ɗaci, kuma ba a cika ba da shi ba. Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa tsara magana a kan kiɗa ba. Wanda ke shakka ya je gidan damben Dei-Dei da yamma ya saurari ɗan dambe yana kirari, yana wasa kansa yana kushe abokin karawa, kalangu na amsa masa. Ko ya nemi tsohon faifan Ɗan Anace yana wasa Shago, ko ya tuna yadda makaɗan fada ke cusa zambo a tsakiyar yabo, da yadda 'yan gambara ke bin kasuwa suna kwance wa marowaci zani. Kayan aiki duk suna nan a gida. Matasan Yamai ma sun riga namu farga: tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia ke yin ta da Hausa da Zabarmanci. A Kano kuwa su Billy-O da K-Boyz da Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, sun taso ne a gefen sutudiyoyin waƙar fim, ana yi musu kallon yaran da Turawa suka ɓata.

Sai guguwar 2007 ta taso. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Fina-finai, aka shiga kame. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin bidiyonsa na "Bahaushiya". Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya, waƙoƙin suna yawo daga waya zuwa waya ta bulutut, inda hukuma ba ta da shingen bincike. A 2009 wata kotun majistare a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a zama ɗaya, ciki har da "Girgiza Kai" ta Ziriums da "Hasbunallahu" ta su Aminu Ala. Masu sana'a da dama suka yi ƙaura zuwa Kaduna da Jos da Abuja. Ziriums na cikin waɗanda Abuja ta karɓa, kuma a 2010 ya saki kundinsa ta intanet, a lokacin da yawancinmu ba mu ma san ana sayar da waƙa ta can ba. Garin da ake cewa ba na waƙa ba ne, shi ya zama mafakar gambarar Hausa a ranar da gida ya yi mata zafi. Ban taɓa jin masu makokin Swat Root sun ambaci wannan ba, don a lokacin kunnensu na Legas da New York.

Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma shirye-shiryen da Nomiis Gee ya riƙa gabatarwa, irin su "Zafafa Goma", sun kai gambarar Hausa falon gidajen da a da ba ta isa ta leƙa ba. ClassiQ da B.O.C Madaki suka fito daga Bauchi, Morell daga Borno, DJ Ab da 'yan ƙungiyarsa ta YNS daga Kaduna, ga Deezell. Vector ya gayyaci ClassiQ cikin waƙar da ya tara gwanayen harsuna a 2015, aka ji Hausa kafaɗa da kafaɗa da Yarbanci da Ibo. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙar ClassiQ, korar kuwa ta kai sunan su biyun inda tallar kuɗi ba za ta kai ba. Wani abu da nake ganin ba a yaba masa yadda ya kamata: a shekarun da Jos da Kaduna da Bauchi ke fama da rikicin addini, sutudiyon gambarar Hausa na cikin 'yan wuraren da Musulmi da Kirista 'yan Arewa ke zama su raba makirufo ɗaya, ba tare da wata ƙungiyar agaji ta biya su kuɗin zama ba.

Duk da haka ba a fasa jana'iza ba. A 2017 M.I da kansa ya fitar da waƙa yana yi wa mawaƙan gambarar Najeriya faɗa cewa su gyara rayuwarsu, 'yan Afirka ta Kudu sun shige gabansu. A ƙarshen 2022 Wizkid ya gaya wa wata mujalla cewa shi ya daina sauraron rap, ta gundure shi, ta mutu. Aka yi ta cacar baki. Ba a yi wata huɗu ba, a watan Maris na 2023, wani yaro da ya girma a Abuja, Tochukwu Ojogwu, wanda ake kira Odumodublvck, ya saki waƙa mai sunan ɗan ƙwallon Ingila Declan Rice. Ta mamaye ƙasa. Da Arsenal ta sayi ɗan wasan a watan Yuli, da waƙar ta yi shelar zuwansa. A shekarar ya ci kyautar Headies ta waƙar gambara mafi fice, a 2025 kuma ya ɗauki kambin tauraro mai tasowa, wanda galibi masu waƙar rawa ke lashewa.

Salon Odumodu ba ya kama da na Modenine ko kaɗan, kuma na san dattawan harkar da ba sa iya sauraronsa. Kiɗan diril ne da ya taso daga Chicago ya bi ta Landan, ya gauraya shi da hailaif na ƙasar Ibo, yana ruri da buroka sannan ya karya murya ya rera. Bakinsa kuma ba linzami. Akwai baitocinsa a kan mata da ni ma ba zan so 'yata ta ji ba. Amma ya yi shekaru yana gini a Abuja tare da ƙungiyarsa ta Anti World Gangstars, a daidai lokacin da su PsychoYP na Apex Village ke nasu ginin, kafin Legas ta san da zamansa. Kuma kafin duniya ta san shi, ya yi kundin haɗin gwiwa sukutum da B.O.C Madaki, buroka da Ibo da Hausa a faifai ɗaya. Wannan haɗin Abuja kaɗai ke iya haifar da shi, garin da yaro ke tashi da maƙwabci ɗan Tibi a dama, Bagwari a hagu, mai shagon layi Bakatsine.

Abin ya yi kama da kasuwar ƙauye da ta tashi daga gindin tsamiya ta koma bakin kwalta: wanda ya daɗe bai zo gida ba zai je gindin tsamiya ya tarar da awaki, ya koma birni yana ba da labarin kasuwa ta mutu. Tamu ta bar Wuse da Garki ta koma Kubwa da Lugbe da Gwarimpa da Mararaba, ta bar Turancin Sarauniya ta koma harsunan da ake ciniki da su, ta bar faifai ta koma waya.

Inda damuwata take daban ne, kuma ta fi shafar masu yi da Hausa. Ina da ɗan ƙanwa a Kubwa da ya mayar da lungun ɗakinsa sutudiyo, kwamfuta ɗaya da makirufo da katifa jingine a bango don tare ƙara. Yaron ya iya, ba don nawa ba ne. Na tambaye shi abin da waƙa ke kawo masa, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, in ba biki aka kira ka ba ko taron ɗan siyasa, ko kuɗin data ba ka mayarwa." Haka lissafin yake. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ya ce a 2024 mawaƙan ƙasar nan sun samu sama da naira biliyan 58 ta hanyarsa. Amma abin da ake biyan mawaƙi ya danganta da ƙasar da mai sauraro yake da kuma ko yana biyan kuɗin wata. Sauraro ɗaya daga Landan ya ninka na Gusau. Masoyin gambarar Hausa kuwa galibi abokinsa ne zai tura masa ta manhajar Xender, ko ya je rumfar masu tura waƙa a cika masa katin waya da 'yan canji, ko sisi ba ya isa ga mai waƙar. Miliyoyin masu sauraro daga Agadas zuwa zangon Kumasi, aljihu wayam.

Wurin wasa ma haka. Abuja na da manyan zaurukan otal inda ake sayar da tebur ɗaya a kan miliyoyin naira idan tauraron Legas ya zo, amma ƙaramin zaure mai araha, inda yaron Nyanya zai tara 'yan ɗaruruwan masoyansa duk wata su biya a ƙofa, sai an tona. Mawaƙin da masu sauraronsa ba su ne ke ciyar da shi ba, dole wani ya ciyar da shi, kuma a garin nan an san ko wane ne. Kowane yaro mai baiwa yana kallon Dauda Kahutu Rarara, yana ganin inda waƙar siyasa ta kai shi. Ba na ganin laifin Rarara, yabon masu mulki sana'a ce da ta girme mu duka. Sai dai makaɗan da suka gada suna da zambo a aljihu, kuma Ɗan Maraya Jos ya yi suna ne da waƙar karen mota da talakan da ba mai waiwayarsa.

A nan nake ganin raguwa ta gaske. Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, ya yi "Jaga Jaga" a 2004, Shugaba Obasanjo ya fusata har ya mayar masa da martani a bainar jama'a. A 2018 hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, ta hana sa waƙar Falz da ta zayyana halin da ƙasa ke ciki. A watan Afrilun 2025 ta sake hana wata waƙar Eedris da ya aika wa ɗan shugaban ƙasa saƙo zuwa ga mahaifinsa. Galibi da Turanci da buroka aka yi su. Da Hausa fa? Yaran 2009 ba su da YouTube a aljihu, ba su da Arewa24, ga kotun tafi-da-gidanka na yawo, amma sun yi waƙar da sai da alƙali ya zauna a kanta. Na yau sun fi su kayan aiki, sun fi su iya sarrafa kiɗa, wasunsu ma sun fi su iya tsara baiti, kuma akwai masu taɓa batun tsaro da yunwa jefi-jefi, a dunƙule, ba tare da kama suna ba. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 ta zo ta wuce, matasan Arewa ne suka fi cika tituna daga Kano har hanyar Nyanya, amma ba ta bar wata gambarar Hausa da kowa ya haddace ba.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma duk mai sutudiyo a Wuse da Kaduna da titin gidan Zoo na Kano ya san kakarsa ce ke tafe. Za a nemi yaran nan, don 'yan siyasa sun gane cewa mai ƙuri'a ɗan shekara 20 ba ya tsayawa jin kalangu. Za a ba su kuɗin da Spotify ba zai ba su a shekara goma ba. Ɗan ƙanwata ya riga ya gaya mini wani mai neman kujerar majalisa ya aiko a tambayi farashinsa, kuma bai ba da amsa ba tukuna.